Ranar da Hannun Inna Ya Hau Bango

Ku matso, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama in mayar muku. Ga ta nan tafe, sai dai ba tatsuniya ba ce. Rabinta idona ya gani, rabin kuma kunnena ne ya jiyo mini daga bayan katanga, don a zamaninmu haka matar aure take sanin duniya. Ban yi boko ba. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, na kuwa ce mata yadda na faɗa haka za ta sa.

Mu uku ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, a gidanmu na Kwarbai cikin birnin Zariya. Akwai Yaya Malam, ɗan farinta, wanda ya gaji zauren mahaifinmu da ɗalibansa. Sai ni a tsakiya, ina aure a wajen Ƙofar Doka. Sai Auta, wanda aka kai boko ya yi ta hawa har babbar makarantar Samaru, inda ya koyi zane da ɗaukar hoto.

Ku 'yan yanzu sai an faɗa muku abin da ake nufi da ɗan fari a wancan lokaci. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta haɗa ido da shi. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ya zo gaisuwar safe, a bakin ƙofa yake durƙusawa, kansa a ƙasa, ita kuma ta juya fuska wajen bango ta amsa a gajarce kamar mai amsa wa baƙo. In akwai maganar da take so ta kai gare shi sai ta ce da ni, "Ki ce wa mai zaure kaza." Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, kuma a lokacin ita ce adon uwa. Auta kuwa har ya fara gemu yana miƙewa a gefen tabarmarta yana sa hannu a kwanonta.

Sana'ar Inna kaɗi. Ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta zauna da mazarinta da allin da take shafa wa yatsu, tun hantsi har inuwa ta juya. Kuma bahaguwa ce. Tana ƙarama an yi ta dukan hannun har ta koyi ci da dama, amma mazari ya ƙi. Shi ya sa murɗin zarenta ya saɓa wa na kowa, kuma masaƙan birni sun san shi kamar yadda ake sanin muryar ladan. Shekarar da gwamnati ta mayar da motoci tafiya a hannun dama, da aka ba ta labari cewa ta yi, "Su dai motocin. Ni an gwada tun kafin a haifi gwamnatin."

A shekarun nan da aka daina fam da sule aka koma naira, silima ta cika bakin samari. A Sabon Gari da Tudun Wada take, wajen ganuwa, inda ɗan mutunci ba ya so a gan shi. Duk da haka waƙoƙin Indiya sun tsallako ganuwa sun shigo mana har madafi. Yarinya tana wanke-wanke tana rera abin da ba ta san ma'anarsa ba. Akwai kuma majigi ta gwamnati, mota ce ke zuwa ta kafa farin ƙyalle a fili, a nuna wa mutane yadda ake zuba taki da yadda ake haƙa masai. Maza da yara ke zuwa. Mu sai dai a dawo a ba mu labari.

Na zo gida jinyar Inna ke nan, ƙafa ta dame ta, maigidana ya ba ni izni in zauna har ta samu sauƙi, sai ga Auta da wani baƙin akwati mai ido ɗaya da ya aro wajen malaminsa. Ya zauna ya ce, "Inna, Indiya suna da nasu, Sin suna da nasu, har masu faffaɗar hula da bindiga suna da nasu. Mu fa? Kullum sai dai mu biya mu kalli iyayen wasu?"

Ta ce, "Mu muna da aiki."

Ya ce, "To aikin nake so in ɗauka."

Ashe ya daɗe da farawa. Labarin zare yake son yi, ba da 'yan wasa ba. Ya je gonakin gindin Kufena ya ɗauki masu tsinkar auduga. Ya ɗauki masaƙa a rumfarsu, da marina a bakin karofi, da maɗinka suna zuba aiki a wuyan babbar riga. Duk maza ne, duk a waje suke. Abu guda ya rage masa, wato inda auduga ke zama zare, shi kuwa a cikin gida ake yinsa, bayan zaure, inda idon namiji baƙo ba ya kaiwa.

Sai da aka kai maganar gaban Yaya. Ina laɓe a soron ciki ina ji. Da ya gama saurare ya ce, "Ban da fuska. Ban da murya. Ban da suna."

Auta ya ce akwatin ma ba ya ɗaukar murya, kuma daga wuyan hannu zuwa yatsu kaɗai zai ɗauka. Yaya ya ce, "Hannu hannu ne. Je ka."

Haka duk muka ɗauka. Ni da Auta mun girma muna kallon hagun nan har idonmu ya daina ganinta. Yaya kuwa ya san mahaifiyarsa bahaguwa ce kamar yadda mutum ya san akwai teku, da ji, don bai taɓa zama ya ga tana kaɗi ba.

Ranar ɗauka aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida inda rana ke sauka. Akwatin yana ta ƙara kamar gyare. Auta ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi kamar ba na nan."

Ta ce, "Tun da na haife ka nake ƙoƙarin haka, ban iya ba."

Muka yi dariya har ya tsayar da abin. Da aka sake, ta manta da shi, hannun ya shiga aikinsa. Zaren da take ja ran nan ba irin na kasuwa ba ne, siriri ne kamar gashin jariri. Auta yana ɗauka ya ce, "Wannan na waye, Inna?" Ta dai tsayar da mazari, ta ɗaga babban yatsanta na hagu ta nuna bayanta, wajen zaure, ta ci gaba.

Ni na san abin da take nufi. Kowace shekara mafi kyawun zarenta ni take ba wa. In aika a saƙa, a ɗinka, rigar kuma ta isa hannun Yaya ta wajen maigidana, a matsayin kyautar sallah daga suruki. Haka ta tsara, ta kuma ce in na faɗa ba ta yafe ba muddin tana numfashi.

Aka aika abin da ya ɗauka can ƙasar Turawa a wanke, ya yi watanni, har mun manta. Ya dawo a cikin wani faffaɗan gwangwani kamar faifan rufe ƙwarya. Guda ɗaya tak, Auta ba shi da halin yin biyu. Ya kai wa wani mai gidan silima, mutumin ya kalli kaɗan ya ce, "Ina waƙar? Ina yarinyar? Ina wanda zai doke mutum goma?" Ya kai wa masu majigi, suka ce, "Me yake koyarwa? Mutanen nan ai sun riga sun iya abin da suke yi." Ya dawo gida ya kwanta rigingine a ɗakin Inna yana kallon rufi. Ta ce, "In kasuwa ta ƙi kayanka, ka kasa a ƙofar gida."

Sai ya aro injin haskawa, ya roƙi filin wata makarantar firamare kusa da Ƙofar Doka, ya sa aka yi shela. Maigidana ya je, shi ya ba ni labari. Ya ce bai taɓa ganin taro irin wannan ba. Ba kiɗa, ba magana, amma mutane suka zama su ne muryar abin. Wannan ya ce ga gonar kawunsa, wancan ya ce wa marini, "Kai, ashe haka ƙeyarka take!" Ana ta shewa. Sai ga hannu ya cika ƙyallen, shi da mazari. Can wani tsohon masaƙi ya miƙe tsaye ya ce da ƙarfi, "Wallahi bahaguwar Kwarbai ce! Tun ina saurayi nake saƙa zarenta, ban taɓa ganin hannun ba sai yau. Allah ya yi wa hannun nan albarka!" Jama'a suka amsa da amin, wasu suna cewa, "Innar Malam ce, Innar Malam ce." Har suka sa aka maimaita wurin.

Tsohon nan yabo ya yi, Allah ya sani. Amma washegari duk wanda ya shigo zaure gaisuwa sai ya ƙara da, "Malam, ashe Inna ta shiga silima." Wasu da zuciya ɗaya, wasu da biyu.

Yaya ya sa aka kira Auta. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya ce, "Ba ka saɓa alkawari ba. Ni ne na ce hannu hannu ne. Kawo gwangwanin."

Auta ya ce, "Yaya, akwai taron masu irin wannan aiki a Ikko. Samari ne kamata daga ko'ina, kowa zai kawo abin da ya yi da hannunsa. Shi kaɗai gare ni."

Yaya ya ce, "Ni ma ita kaɗai gare ni."

Ya karɓa ya sa a akwatin littattafansa ya kulle.

Da na gaya wa Inna sai ta yi dariya har da hawaye. Ta juya hannun tana dubawa ta ce, "Kai da ka sha bulala, yau kai ne a bango ana yi maka amin." Sannan kuma ta ce, "Ni ban ma gani ba." Na ce in roƙa mata? Ta ce, "Mai zaure ya yi hukunci. Bar shi."

Ba ta gani ba ɗin. Da damina ta tsaya, ciwon ƙafa ya hau sama, ranar wata Laraba da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

Wanda bai rasa uwa ba ba zai gane wannan ba. Fuskarta ban manta ba. Amma kafin a yi sadakar arba'in sai na tarar ina neman yadda take murza mazari a cikin kaina, in kama in rasa. In rufe ido in ga tabarma, in ga taskirar auduga, in ga alli, hannun kuwa babu. Ga shi kuma na san yana nan kwance a gwangwani, tsakanina da shi katanga ɗaya.

Bayan arba'in matar Yaya ta raɗa mini cewa ya sa a tara kara a bayan gida, gobe zai ƙone shi. Na yafa mayafi na nufi zaure da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba. Na jira ɗalibai suka tashi, na durƙusa.

Ya ce, "Na san abin da ya kawo ki. Ta koma ga Ubangijinta. Ba zan bar hannunta yana yawo a bangon mutane tana kwance a kabari ba. In na mutu wa zai tsare shi?"

Na ce, "Yaya, ban zo musu ba. Marina sun gani, masaƙa sun gani, har 'yan tasha sun gani. Ni da na wanke hannun nan na sa shi a likkafani, ni ce ban gani ba. Sau ɗaya. Daga nan wutar taka ce."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "A ɗakinta. Mata kaɗai, sai shi mai injin. Ana gamawa a miƙo mini."

Washegari bayan azahar Auta ya jawo waya ta kan katanga daga gidan maƙwabcinmu akawu, don mu ba mu da lantarki. Muka toshe 'yar tagar ɗakin da tsumma, muka rataya bargo a kan asabarin ƙofa. Da aka rasa farin ƙyalle sai na buɗe adakar Inna na ɗauko zanenta na saƙi da ba a rina ba, muka kafa a bango. Matan gida da na maƙwabta muka cika ɗakin, ana zufa, ana ture-ture. Yawancinmu ba mu taɓa ganin hoto mai motsi ba.

Haske ya faɗa kan zanen. Ga dutsen Kufena, ga auduga fari fat. Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu, gona a ɗaki!" Da na ga ba mai magana a ciki, kuma mata suna ta tambaya, sai na tarar bakina ya buɗe da kansa, ina faɗa musu wannan kaza ne, daga nan za a kai kaza, kamar ina yi wa yara tatsuniya.

Ana cikin haka bargon ƙofa ya ɗaga, rana ta shigo ta wanke hoton. Yaya ne, ya zo jiran gwangwaninsa, ya tsaya a daidai inda ya saba durƙusawa. Auta bai waiwaya ba ya ce, "Yaya, ko ka shigo ko ka saki, haske yana ɓata mana."

Na ɗauka zai saki. Sai ya sunkuya ya shigo, bargon ya rufu a bayansa. Mata suka ja mayafi suka matsa. Rabonsa da cikin ɗakin nan tun yana shan nono.

Sai ga hannun.

Ya fi ƙofa girma. Ga tabon ƙunar da ta samu wajen suyar gyaɗa, ga zoben azurfarta da ya sirance, ga farin alli a kan yatsu. Ta murza, mazari ya juya, zare ya fito daga cikin auduga kamar ana jawo shi daga gajimare. Matar maƙwabcinmu ta manta ta ce, "Sannu da aiki, Inna." Wasu suka amsa mata da kuka. Abin da na yi ta nema a kaina ga shi, kuma ashe ɗan ƙaramin yatsanta a ɗage yake in tana murzawa. Shekara nawa ina gabanta ban lura ba.

Na saci kallon Yaya. Bai sunkuyar da kai ba. Karo na farko a rayuwarsa yana kallon mahaifiyarsa, ita kuma ba ta juya masa baya ba.

Sai mazarin ya tsaya, babban yatsa ya ɗaga ya nuna baya.

Daga cikin duhu na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, "Me take nunawa?"

Na tuna ta ce muddin tana numfashi. Na ce, "Zaure take nunawa, Yaya. An tambaye ta zaren na waye. Shi ne a jikinka yanzu. Da na bara, da na bara waccan, duk ba daga surukinka ba ne."

Ban ga fuskarsa ba. Na dai ji motsin hannu a kan tufa, yana shafa wuyan rigar. Hoton ya wuce zuwa masaƙa, ya wuce marina, ya ƙare, bango ya koma fari, jelar abin tana ta kaɗawa a jikin inji.

Ya ce, "Auta, ana iya mayar da shi baya?"

Aka mayar. Da aka gama na biyun ya ce, "Ana iya raba shi?"

Auta ya gane. Ya ce ana iyawa, amma kamar a cire wa riga wuya ne. Yaya ya ce, "Na sani. Ka kai wa mutanen Ikko sauran. Wannan na gida ne." A gabanmu Auta ya sa almakashi, ya yanke daga inda hannun ya fito zuwa inda ya ɓace, ya liƙe bakin biyu. Karan da aka tara a bayan gida, da shi aka dafa tuwon dare.

Auta ya tafi Ikko da abin da ya rage. Ya ce an kalla, an tafa, sai wani ya tambaye shi, ya aka yi auduga ta zama zare, don ba a nuna ba. Ya ce masa, "A cikin gida ake yi." Mutumin ya ɗauka wasa ne.

Yanzu jikokina suna kunna mini finafinai a waya, da Hausa, da 'yan mata da waƙa da manyan motoci. Ba na kushewa, wasu ma suna sa ni dariya. Suna kuma nuna mini na wasu yara da ke yi da ɗan abin hannunsu, ba waƙa, ba a kuma saye, suna ta gardama wai wanne ne namu na gaskiya. Ni ban san wannan ba. Abin da na sani, na taɓa zama a ɗakin da aka gaida bango da sannu da aiki. Kuma har yau ina tunanin mutumin nan na Ikko. Bai yi kuskure ba da ya ga giɓi. Ban kuma ce Yaya ya yi kuskure ba. Na kasa raba musu gardama, ga shi har na tsufa.

Tsohon masaƙin nan bai kai rani ba ya rasu, bai taɓa sanin abin da yabonsa ya jawo ba. Auta bai ƙara yin wani hoto mai motsi ba. Baƙin akwatin na aro ne, wanki kuma ya yi tsada, sai ya koma koyar da zane a makarantar horon malamai har ya yi ritaya, yanzu yana kiwon tattabaru yana faɗa da jikoki. Babban gwangwanin ya ba wani aro a can, bai dawo ba. Yaya ya naɗe guntun a cikin zanen saƙin nan ya ajiye tare da littattafansa. Duk shekara in watan rasuwarta ya zagayo sai ya ce da Auta, "Injin nan yana samuwa?" mu taru a ɗakin. Da rigunan suka tsufa bai bayar ba, bai kuma sa wata ranar sallah ba sai su. Bayan rasuwarsa muka buɗe zanen, muka tarar guntun ya manne da juna yana warin tsami, ba ya ko warwaruwa. Muka haƙa rami a tsakar gida, daidai inda take shimfiɗa tabarma, muka rufe shi.

Ni kuwa ga ni. Da dama nake komai, amma an ce in na ɗauki allura ɗan yatsana a ɗage yake. Nan na kawo ta, nan na sauke. Ga kunnuwanku, na gode da aro.